Katin zanen da aka yanka mini a libreri ta wajen Kasuwar Dole, bayan wata 5 ina aiki da shi

Tun ranar da na sa hoton zobbunan katin nan nawa a WhatsApp ake ta tambayata a ina na saya, nawa ne, wasu har cewa suke ai daga gani kayan Kano ne ko na Yamai. To ba daga ko'ina aka kawo ba, nan cikin Damagaram aka yanka mini su, a wata 'yar libreri da ke bakin gudro kafin a shiga Kasuwar Dole, irin waɗanda ke sayar da kaye (littafin rubutu) da bik (alƙalami) suna kuma yin fotokofi. Ba zan faɗi sunan shagon ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi kuma mai wurin dattijo ne, ya haife ni.

Ni sakatariya ce, tun ƙarfe 8 na safe har la'asar idona na kan ordinato, in koma gida in yi girki, ana idar da isha'i sai waya, TikTok, Facebook, bidiyon girkin da har in mutu ba zan dafa ba, kafin in farga ƙarfe 1 ta gota, ido na yaji kamar an watsa mini barkono, da asuba kai ya yi nauyi. Kuma wallahi ba dabarata ce ta raba ni da wayar ba, kuran, wato wutar lantarki, aka ɗauke wani dare cikin zafin Afrilu, waya ta mutu, ba abin da ya rage sai fitilar sola da kayen ɗiyata da bik ɗinta. Na zauna a tsakar gida ina ta 'yan zagaye-zagaye a shafin baya irin wanda muke yi a lakwal in mushe, wato malami, ya cika dogon bayani, na cika shafi guda da ɗige-ɗige da layuka, sai barci mai daɗi ya kwashe ni a kan tabarma. Washegari kuran na nan amma na sake.

Matsalar ta fito ne bayan kamar wata 2. Zane ya yi yawa kuma ya watse, wani a kaye na ɗaya, wani a na uku, wani a bayan ambulan, wani a bayan takardar farmasi, in na tuna wani da ya yi mini daɗin yi sai in kwashe minti 20 ina bincike, in gaji, in ce bari dai in duba waya in ga wani sabo, to daren ya tafi kenan. Ga shi kayen lakwal ba don zane aka yi shi ba, layin Seyès ɗin nan mai manyan gidaje na milimita 8 da ƙananan layuka duk bayan milimita 2 don koyon rubutu ne, yana ta leƙowa ta ƙarƙashin zanenki yana ɓata shi. Mai ƙananan gidaje na milimita 5 ya fi dama-dama in zanen gidan dara za ki yi, sai dai hannu yana lalacewa, ya saba da bin layin da aka shimfiɗa masa. Kuma takardar ba ta da kauri, in kin sa fetur, wato alƙalamin nan mai jiƙaƙƙen tawada, mai tsinin baki sai ya fito ta baya ya ci shafi biyu.

Ƙanwar maigidana da ke karatu a Jami'ar André Salifou ita ta ce mini, Anti ai abin nan da kike yi yana da suna a wajen Turawa, Zentangle. Wasu mutum biyu ne a Amurka, Rick Roberts da Maria Thomas, suka tsara shi a farkon shekarun 2000, ana yi a kan ɗan kati mai kusurwa huɗu daidai wa daida, inci 3 da rabi, wato kusan santimita 9, da baƙin alƙalami da fensir, kuma ba a amfani da gom, abin goge fensir, sam, in kin yi kuskure sai ki san yadda za ki mai da shi ado. Kowane salon zane sun ba shi suna, akwai Hollibaugh, akwai Crescent Moon, kuma kowanne an nuna yadda ake gina shi mataki-mataki. Da farko dariya na yi, na ce yo mu da muka tashi muna kallon Gwaggo tana ɗinkin faifai, da masu sassaƙar ƙwarya, da allon zayyana na 'yan sauka, wa zai koya mana cika wuri da zane. Amma abu biyu na ɗauka daga wajensu kuma na yarda sun yi tunani, ƙanƙantar katin, don ana gama shi a zama ɗaya ba ya tsorata mutum kamar farin shafi babba, sai kuma raba kowane salo shi kaɗai da sunansa. Katinsu na asali kam sai an yi oda daga waje, ban ma tsaya lissafin kuɗin ba.

Shi ne na je librerin nan da ɗan guntun kwali da na auna a gida. Na ce Baba Alhaji kati nake so mai kauri, fari, 9 a kan 9, da yawa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce 'yata katin biki ne ko na suna, na ce a'a na zane ne, ya ce na yara, na ce nawa. Bai ƙara tambaya ba, ya ɗauko babbar takardar bristol mai santimita 50 a kan 65, ya ɗora regil ya yi lissafinsa da baki, 5 ta nan 7 ta nan, 35 kenan a takarda guda. Na ce a ba ni 3, kati 105. Yana da injin yankan takarda irin mai dogon hannu da ake dannawa, masiko suke ce masa, ya yanka da kansa, takarda ɗai-ɗai, bai yi gaggawa ba, sannan ya huda mini kowanne a kusurwar hagu ta sama. Takarda dala 60 kowace (dala ɗaya sefa 5 ce, jika kuma dala 200), yanka da hudawa dala 40, gaba ɗaya jika 1 da dala 20 na biya. Zobban kuma na makulli ne, a cikin kasuwa na saya wajen mai yankan makulli.

Abin da ya burge ni da dattijon nan, da ya gama sai ya tattara ragowar da ta fita a gefe, dogayen guntaye masu faɗin santimita 5, ya ɗaure da roba ya ce 'yata wannan ma kuɗinki ne. Ni da na so in ce a zubar. Yanzu su ne na fi yawo da su a jaka, kuma su ne daidai zanen da ke tafiya a tsaye kamar na bakin hula ko na gefen tabarma.

Katin kansa ba ni da abin cewa. Yana da kauri, fetur ba ya fita ta baya, saboda haka ina rubutu a bayan ba tare da gaban ya ɓaci ba, kuma fuskarsa sumul ce bik na gudu a kai. Ni da Bic Cristal baƙi na fi yi, wanda kowa ya sani na dala 20, tun 1950 ake yinsa a Faransa kuma har yau bai canza kama ba, daɗinsa in kin sassauta hannu yana ba da toka-toka kamar fensir, in kin danna ya yi baƙi ƙirin, da shi kaɗai sai ki yi inuwa. (Wata 'yar Kano da ta gani ta ce mini wane biro kike amfani da shi, na tsaya ina tunanin me ya kawo zancen wurin aikina, don mu ofis muke ce wa biro, ashe su bik suke ce wa biro.) Masu Zentangle alƙalamin Pigma Micron na kamfanin Sakura na Japan suke yabo, lamba 01 mai bakin milimita 0.25, na tambaya a shagon babu. Abin da ke akwai wani fetur ne mai tsini wanda ko sunan kirki ba shi da shi a jiki, na sayi 2, ranar farko kamar in yi guɗa don kyan layinsa, sati 3 duk sun bushe, murfin ba ya kamawa sosai ga zafin garinmu. Kar ku saya. In kuma dole ne to ku gwada murfin a gabansa, yana barin a gwada, yana ma da takardar gwaji a kan tebur.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa nake cewa kati ya fi kaye, wato jerawa. Da farko na jera su ne bisa inda na samo su, na bangon tsohuwar unguwar Birni wuri guda, na hula da babbar riga wuri guda, na ƙwarya da faifai, na lalle, sai na Turawa. In baƙuwa ta zo tana dubawa abin gwanin sha'awa, kamar gidan tarihi. Amma ga mai zane da dare ba shi da amfani ko kaɗan, don ba a taɓa yin daren da na zauna na ce yau zanen hula nake marmari ba. Abin da nake ji shi ne yau hannuna ya gaji, ko yau raina a ɓace yake ina son abin da zan ta dannawa, ko yau kaina garau ina son mai wuya. Da a kaye na yi wannan jerin da shi kenan na makale da shi, sai dai in sake kwafe komai. Da yake kati ne, dare ɗaya na zazzage su duka a kan tabarma na sake rabo, wannan karon bisa yadda hannu ke motsi.

Zobe na farko ɗigo da zagaye, duk abin da ake yi da 'yan ƙwallaye ana jera su suna cika wuri kamar an zuba gero a faranti, wannan shi ne na daren gajiya, ko ido rabi a rufe ana yinsa. Na biyu miƙaƙƙen layi, gidan dara, haƙoran zarto, layuka masu gicciye juna, su ne na ranar fushi. Na uku lanƙwasa, ganye, ƙaho, igiyar ruwa, yawancin na lalle nan suka faɗa. Na huɗu kuma saƙa, duk wanda layi ke bi ta saman wani ya nutse ta ƙarƙashin wani, dagi, sarƙa, kitso. Kowane zobe na ɗaura masa zaren ulu mai launi daban don in gane shi ko a hasken fitila. Kuma a wajen wannan rabon ne na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon rayuwata, tsinin aska da ke gaban babbar riga, aska biyu ko aska takwas, da 'yan kusurwa ukun da dukawa ke yi a jikin matashin fata, da wanda ke bakin ƙwarya, duk motsin hannu ɗaya ne, tsawo da ƙiba kawai suka bambanta. Kati 5 na haɗe suka koma 1, na rubuta a baya duk wuraren da na gan shi.

Bayan kowane kati ina raba shi gida 3 ko 4 in zana matakan, ga abin da ake fara yi, ga na biyu, don wallahi bayan wata guda sai ki ga zanen da ke kika yi da hannunki ki rasa ta ina kika faro. Sai suna, in na san na gaskiya in sa, in ban sani ba in laƙaba masa nawa, akwai wanda na sa wa Kunun Gwaggo don a jikin ƙwaryar kununta na gani. Sai kwanan wata, sai ɗigo a kusurwa, ɗigo 1 mai sauƙi, ɗigo 3 sai da natsuwa. Dagi ɗigo 3 ne kuma da akwai na huɗu da na ba shi, kati 6 na ɓata kafin in gane cewa ba da layi ake farawa ba, ɗige-ɗige ake fara jerawa a ƙirga su, sannan a zagaya da layi ana sama ana ƙasa bi da bi, in kin yi sama sau biyu a jere to ya kwance, sai dai ki mai da shi wani abu.

Waɗannan na zobe ina ce musu katin iri, kamar irin shuka, ba a cinye su. In dare ya yi sai in zaro 2 ko 3 daga zobba daban-daban, in ɗauki sabon kati, in ja layi ɗaya da fensir ya karkace yadda ya ga dama ya raba katin gida-gida, in cika kowane gida da iri guda. Minti 20 zuwa rabin awa an gama. Waɗanda aka gama ba sa hawa zobe, gwangwanin biskit suke shiga, don na gwada haɗa su sai zoben ya koma irin kayen da na gudo daga gare shi.

Neman irin ma wani daɗi ne daban, kuma nan ne guntayen Baba Alhaji suka yi rana. Da ina ɗaukar hoton bango da waya in ce sai dare in kwafa, to kun san sauran, buɗe waya don hoto ɗaya sai ki tsinci kanki a bikin wata da ba ki sani ba. Yanzu tsayawa nake in zana a wurin, ko a karkace ne. Birni cike yake da abin kwafa, gidajen da ke kewayen fadar Sarkin Damagaram da zanen da magina suka tayar a fuskar zaure, wasu na laka da aka shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, wasu na siminti da fenti. Garin nan fa shi ne babban birnin ƙasar kafin Turawa su mai da shi Yamai a 1926, kuma tun 2006 unguwar Birni da fadar suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, amma duk damina sai wani bangon ya zube ko a yaɓe shi sumul. Akwai wani zaure da na zana a watan Yuni, da na koma a Satumba rabin zanen ya tafi. Wani tsoho da ke zaune a dakali ya gan ni tsaye ina kallon gidansa da takarda a hannu ya ce Hajiya lafiya, ko daga mairi kuke, wato ofishin magajin gari, na ce a'a Baba zanen ne ya ba ni sha'awa, ya ce to matso inuwa, ya sa jikansa ya kawo mini kujera, ya nuna mini da sandarsa inda maginin ya faro. Tun ranar nake yin sallama in nemi izini kafin in tsaya a ƙofar gidan mutane. Allon zayyana kuwa adon gefe kawai nake ɗauka, ba na sa rubutun ko harafi ɗaya, don katin nan yara na jan sa ƙasa.

To ga ƙorafin. Zuwana na biyu ban tarar da dattijon ba, yaron shagon ne, kuma ranar Alhamis ce ranar kasuwa, mutane cike ana jiran fotokofi. Na ba da saƙo na shiga cefane na dawo na karɓa a leda ban buɗe ba, laifina ne nan. A gida na ga ashe takarda mai sheƙi ya ba ni, irin ta katin gayyata, bik ba ya zama a kanta, kin ja layi kin ɗora hannu ya shafe, gefen hannuna baƙi ƙirin. Kuma ya haɗa takardun 3 ya danna lokaci guda, na ƙasa suka goce, wasu 9 wasu 8 da rabi, hudar kuma wani hagu wani dama, in kin sa a zobe sai wasu su juya kai ƙasa. Na koma ranar Asabar, Baba Alhaji ya duba ya yi wa yaron faɗa a gabana har na ji kunya, ya sake yanka mini takarda 2 kyauta ya ce ta ukun mu raba asara. Ban ji daɗin raba asarar ba gaskiya tunda ba ni na zaɓi takardar ba, amma ban iya ja da shi ba. In za ku je ku ce marar sheƙi, ku shafa da yatsa, ku ja layi da bik a gefe ku goga kafin a yanka, ku kuma tsaya a yanka a gabanku. Kar ku je ranar Alhamis, kar ku je farkon Oktoba lokacin komawa lakwal, ba mai sauraronku.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Fari kaɗai gare shi sai masu launi irin na yara, shuɗi da ruwan hoda, ni kuma na so mai ɗan ruwan madara don fari tas yana ɗaukar ido a ƙarƙashin fitila. Kusurwoyin suna da kaifi suna lanƙwashewa a jaka, da abin yanke farce nake zagaye su, aikin dare guda ne. Zoben makulli ɗaya ya yi tsatsa da damina ya ɓata mini kati 4, na canza. Da hunturu ya shigo kuma ƙura ta mai da na saman ja, dole sai cikin gwangwani ko leda mai zif, ba a barin su a kan tebur ko na yini ɗaya.

Wayar fa, ban rabu da ita ba, kar in yi muku ƙarya, a sati dai ina samun dare 4 ko 5 da nake barinta a caji a ɗaki in fito da zobbana. Ɗiyata mai shekara 9 ta ƙwace zoben ɗigo ta ce nata ne, sai da na yanka mata nata 20. Inna kuwa, uwar maigidana, ta juya katin nan ta juya ta ce wannan ai ɗinkin faifai ne ba kaba, ko murfin kwano ba zai yi ba, amma jiya ita ta kira ni ta ce in zo in ga zanen da ke jikin tsohuwar tasarta kafin ya gama gogewa.

Zan sake saya, a wurinsa kuma, in dai shi zai yanka da hannunsa. Katin irina yanzu 83, kuma akwai guda 7 da suka ƙi shiga kowane zobe, cikinsu har da kuros ɗin Zinder, abin wuyan nan na maƙeran azurfa, da na kwafa daga sarƙar wata maƙwabciya, ga zagaye ga tsini ga lanƙwasa duk a jiki ɗaya. Suna nan a ɗaure da roba, ranar Asabar in na shiga kasuwa zan sayo musu zobe na biyar.